Dokar Rumawa da Fiƙihun Malikiyya: Ta Wace Ƙofa Gadon Justiniyan Ya Shigo Ƙasar Hausa?

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin tarihin dokar Rumawa, tun daga tsirowarta har zuwa lokacin da ta mamaye makarantun Turai, sannan ta auna da'awar mustashriƙai cewa daga gare ta fiƙihun Musulunci ya samo asali. An nuna cewa da'awar ba ta da sanadi a tarihi, kuma tasirin wannan doka ya iso ƙasar Hausa ne a ƙarni na ashirin ta hannun Ingila da Faransa, bayan fiƙihu ya shafe ɗaruruwan shekaru da kafuwa a nan.

Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Alƙalin kotun Shari'a a Anka ko Gummi ko Bukkuyum yana aiki da littattafai iri biyu. Akwai Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, waɗanda magabata suka yi hukunci da su tun kafin zuwan Turawa. Akwai kuma kundin dokar laifuka na jihar Zamfara, wanda aka tsara shi babi-babi, sashe-sashe, kowane sashe da lambarsa. Hukunce-hukuncen haddi da ƙisasi da ke cikinsa na Malikiyya ne, amma zubinsa wani gado ne daban, kuma saiwarsa tana can ƙasar Rum.

Mutane sun kasu biyu a kan wannan batu. Wasu mustashriƙai sun ce fiƙihu kansa aro ne daga Rumawa. Wasu ɗaliban ilmi kuma, saboda kishi, suna ganin babu abin da ya haɗa mu da dokar Rum ko kaɗan. Tarihi bai goyi bayan kowane ɓangare ba.

Tsirowar dokar Rumawa

An fara rubuta dokar birnin Rum a kan alluna goma sha biyu wajen shekara ta 450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ba waɗannan alluna ne suka ɗaukaka ta ba. Abin da ya ɗaukaka ta shi ne wani rukunin masana da suka shahara a ƙarni na biyu da na uku Miladiyya, waɗanda ake kawo musu mas'ala su ba da amsa, su rubuta sharhi, su rarrabe tsakanin mas'aloli masu kama da juna. Daga cikinsu akwai Gayus, wanda ya rubuta littafin koyar da ɗalibai wajen 161, ya kasa doka gida uku: abin da ya shafi mutane, da dukiya, da ƙararraki. Akwai Papiniyan da aka kashe a 212, da Paulus, da Ulpiyan mutumin birnin Sur a gaɓar tekun Sham. Da ra'ayoyinsu suka yi wa alƙalai yawa, sai aka kafa doka a 426 wadda ta taƙaita hujja ga masana biyar, idan sun rabu daidai a bi ɓangaren da Papiniyan yake.

Sarki Justiniyan, wanda ya yi mulki a Kustantiniya daga 527 zuwa 565, shi ya tattara wannan gado. Kwamitin da ya naɗa ƙarƙashin Triboniyan ya fitar da babban kundin maganganun masana mai suna Digesta a 533, cikin littattafai hamsin, fiye da sulusinsa daga rubuce-rubucen Ulpiyan. A shekarar ne kuma aka fitar da littafin ɗalibai, sannan a 534 aka sabunta kundin dokokin sarakuna. Justiniyan ya hana a yi wa kundinsa sharhi, ya kuma taƙaita koyar da doka ga birane uku: Kustantiniya da Rum da Bairut. Makarantar Bairut ba ta daɗe ba bayan haka, domin girgizar ƙasa ta rushe birnin a 551, kimanin shekara ashirin kafin haihuwar Manzon Allah (SAW). Wannan kwanan wata yana da nauyi a muhawarar da za ta zo a gaba.

Farfaɗowarta a Turai

Digesta ya kusan ɓacewa a yammacin Turai na tsawon ƙarni biyar. Sai a ƙarshen ƙarni na goma sha ɗaya aka koma karanta shi a birnin Bolonya na Italiya, inda Irneriyus da almajiransa suka riƙa rubuta bayani a gefen matani, kamar yadda malamanmu ke yi wa littafi hashiya. Akursiyus ya tattara waɗannan bayanai a ƙarni na goma sha uku, Bartolus kuma, wanda ya rasu a 1357, ya sauko da su kan matsalolin zamaninsa. Ɗalibai daga Faransa da Jamus da Sifaniya suka kwashi wannan ilmi zuwa ƙasashensu, ya haɗu da dokar coci, ya zama harshen da masana doka na Turai ke fahimtar juna da shi. Daga wannan rijiya aka ɗebo kundin Napoliyon na 1804 da kundin Jamus da ya fara aiki a 1900.

Ingila ta bi wata hanya, ta gina dokarta a kan hukunce-hukuncen alƙalai. Duk da haka ba ta kuɓuta ba gaba ɗaya. Littafin da ake danganta wa Bracton a ƙarni na goma sha uku ya ɗauki tsari daga malaman Bolonya, kotunan coci da na harkokin teku sun yi aiki da ƙa'idojin Rum, kuma har yau lauyan da ya tashi a tsarin Ingila ba ya rabuwa da ƙa'idojin Latin.

Da'awar mustashriƙai

A ƙarni na goma sha tara, lokacin da Turawa suka fara mallakar ƙasashen Musulmi, masanansu suka ci karo da fiƙihu, suka ga ilmi mai tsari da zurfi. Da yake dokar Rum ce ma'auninsu, sai suka ɗauka ba zai yiwu irin wannan gini ya tashi ba tare da ita ba. Alfred von Kremer ya yi ishara ga makarantar Bairut da kasancewar Imam Auza'i a Sham. Sheldon Amos, wanda ya yi alƙalanci a Masar, ya tafi a kan cewa Shari'a dokar Rumawan gabas ce da aka daidaita da yanayin Larabawa, a littafinsa na 1883. Ignaz Goldziher ya kwatanta ijma'i da haɗuwar ra'ayin masanan Rum, ya kwatanta maslaha da abin da suke kira amfanin jama'a. A 1950 Joseph Schacht ya ce irin waɗannan ƙa'idoji sun shigo ne ta bakin waɗanda suka musulunta bayan sun yi karatun balagar Girkawa, ya kawo misali da ƙa'idar jingina ɗa ga mai shimfiɗa. A wannan shekarar ce Schacht ya zagaya Arewacin Nijeriya yana nazarin kotunan alƙalai.

Raddi ya fito daga cikin gidan kansa. Carlo Nallino na Italiya a 1933, da Fitzgerald na Jami'ar Landan a 1951, sun nuna raunin hujjojin. Taron masana dokokin duniya da aka yi a birnin Hague a 1937, inda Shaihu Mahmud Shaltut na Azhar ya gabatar da bincike, ya amince cewa Shari'a tsari ne mai zaman kansa. Patricia Crone, wadda ta nemi farfaɗo da batun a 1987 ta fuskar al'adun lardunan daular Rum, ita ma ta yarda cewa misalan Goldziher da Schacht ba su tabbatar da komai ba, sannan Wael Hallaq ya yi wa nata littafin raddi. Muhammad Mustafa A'azami kuwa ya warware ginin Schacht a kan hadisi da isnadi a 1985.

Auna da'awar

Mai da'awar aro wajibi ne ya nuna hanyar da kayan suka bi. Hanyar makaranta a toshe take, domin Musulmi sun shiga Sham fiye da shekara tamanin bayan rushewar Bairut, kuma Auza'i ya rasu a 157 Hijiriyya, daidai da 774, fiye da ƙarni biyu bayan girgizar. Abin da ya rage na fiƙihunsa a littattafan Abu Yusuf da Shafi'i ya nuna mutum ne mai dogaro da asar da aikin magabata. Hanyar fassara ma haka take. A zamanin Abbasiyawa an fassara likitanci da falsafa da lissafi da ilmin taurari, kuma Musulmi ba su ɓoye sunan Aristotal ko Jalinus ba. Ibn Nadim ya lissafa waɗannan fassarori a littafinsa Fihrist a ƙarni na huɗu na Hijira, babu Digesta a ciki. Littafin dokar Rum da ya yaɗu da harshen Suryananci na Kiristocin gabas ne, a tsakaninsu ya zauna. Ga shi kuma manyan cibiyoyin fiƙihu na farko, Madina da Makka da Kufa da Basra, ba su taɓa zama ƙarƙashin mulkin Rum ba.

Idan aka koma ga hukunce-hukuncen kansu, saɓanin yana kan ginshiƙai ne. Iyalin Barume ya ginu a kan ikon uba, har ɗa mai furfura ba ya cikakken mallakar dukiya matuƙar mahaifinsa na raye, alhali a Musulunci balaga da hankali suna ba mutum ikon dukiyarsa, namiji ko mace. Ɗaukar ɗan wani a mayar da shi ɗa na nasaba babban babi ne a Rum, da shi ma wasu sarakuna suka gaji mulki, Suratul Ahzab kuwa ta soke shi. A Rum dangin mace ke kai dukiya gidan miji, a Musulunci miji ke ba da sadaki ya zama mallakin mace. Gadon Rum ya rataya ne a kan wasiyya da naɗa magaji, wanda a asali yake ɗaukar bashin mamaci a wuyansa. A fiƙihu rabo ƙayyadadde ne a Suratun Nisa'i, wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma daga abin da mamaci ya bari ake biyan bashi. Justiniyan ya halatta kuɗin ruwa, ya yanka masa iyakar shida cikin ɗari ga yawancin mutane, takwas ga 'yan kasuwa, goma sha biyu ga bashin teku. Alƙur'ani ya haramta riba ɗungurungum.

Saura kamanceceniya, kamar ɗora hujja a kan mai ƙara, wadda ke cikin maganar Paulus kuma ke cikin hadisi. Misali daga gida ya isa ya nuna cewa kama da wane ba ta wane. Manomi a ƙauyukan yammacin Zamfara irin su Tungar Guru, idan buƙata ta matsa shi, yakan jinginar da gonarsa, mai kuɗin ya riƙa noma ta yana cin amfanin har ranar da aka biya shi. Wannan mu'amala ita ce dokar Rum ta sani da sunan antikresis, kuma kundin Napoliyon ya ajiye mata babi. Babu mai hankalin da zai ce manoman Zamfara sun koyo ta daga Ulpiyan. Buƙata ɗaya ce ta haifar da dabara ɗaya a wurare biyu. Abin lura kuma shi ne Malikiyya sun saɓa wa Rum a nan: idan bashin rance ne, ba su halatta wa mai riƙe da jingina ya ci amfaninta ba, domin rance ne da ya jawo riba, sai dai in bashin ya taso daga ciniki kuma aka sharɗanta amfanin zuwa ajali sananne. Haka batun kafin alƙalami yake. Kalmar urbun tana da 'yar'uwa a Girkanci da Latin, mu'amalar kuma sananniya ce a kasuwannin daular Rum, amma Imam Malik ya ruwaito hani a kanta a Muwaɗɗa idan mai sayarwa zai riƙe kuɗin bayan an fasa ciniki.

Adalci ya wajabta a faɗi abin da ya tabbata. Musulmi sun tarar da tsarin mulki da haraji da awo a Sham da Masar, suka bar abin da bai saɓa wa nassi ba. Kalmomi irin su dinari da sijilli sun shigo Larabci daga wannan duniya. Malaman usul ba su taɓa musun wannan ba, sun buɗe masa babin urfi da maslaha. Abin da ba a aro ba shi ne tushen hukunci da hanyar ciro shi.

Akwai wani bambanci da ya fi waɗannan zurfi. Justiniyan ya tattara maganganun masana ya buga musu hatimin sarauta, ya rufe ƙofar sharhi. Ibn Muƙaffa ya ba Halifa Mansur shawara makamanciyar wannan, cewa ya haɗa alƙalai a kan kundi ɗaya, amma ba a bi ta ba. An kuma ruwaito cewa da aka nemi Imam Malik ya yarda a tilasta wa mutane Muwaɗɗa, ya ƙi, yana mai dalili da cewa sahabbai sun warwatsu a garuruwa, kowane gari da ilmin da ya iso shi. Saboda haka fiƙihu ya ci gaba da zama a hannun malamai, matani da sharhi da hashiya, kuma a wannan siffa ya iso ƙasar Hausa. Da ita Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya karantar a shekarun da ya yi yana wa'azi a Zamfara, da ita Malam Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkam a Kano.

Ƙofar da aka shigo ta cikinta

Bayan faɗuwar Sakkwato a 1903, Turawan Ingila sun bar kotunan alƙalai suna aiki, amma da sharaɗi. Sun hana yanke gaɓa da duk hukuncin da suka ga ya saɓa wa adalci na ɗabi'a, daga baya kuma dokokin kotuna suka kafa ma'aunin adalci na ɗabi'a da daidaito da kyakkyawan lamiri. Masanin doka Duncan Derrett ya bi asalin wannan lafazi a 1963, ya mayar da shi ga malaman dokar Rum da ta coci a Turai, daga can ya shiga kotunan Ingila a Indiya, sannan ya ƙetaro Afirka. Da wannan ma'auni aka riƙa auna hukuncin alƙalai. A shari'ar Guri da Hukumar En'e ta Haɗejiya a 1959, Kotun Ƙoli ta Tarayya ta rushe hukunci saboda ba a bai wa wanda ake tuhuma da fashi damar kare kansa ba. Lauyoyi suna ambaton wannan ƙa'ida ta sauraron ɗaya ɓangaren da lafazin Latin, ko da yake Malikiyya suna da babin i'izari, inda alƙali ke tambayar wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja.

Hatta Muhtasar ta tabarau na Turai jami'an mulkin mallaka suka karanta shi. Littafin Ruxton na 1916, wanda aka buga da umarnin Lugga, taƙaitawa ce daga fassarorin Faransanci da aka yi domin mulkin Aljeriya. A Tunisiya kuwa David Santillana, wanda ya san Digesta ya kuma san Halil, shi ya tsara daftarin da ya zama dokar yarjejeniyoyi ta 1906, inda ya jera ra'ayin Malikiyya kusa da na Rum.

Babban sauyi ya zo gab da samun 'yancin kai. A 1958 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa kwamitin masana ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan da Farfesa Anderson na Landan da wakilai na gida. Shawararsu ta haifar da kundin Final Kod da ya fara aiki a 1960. An ɗauko shi daga kundin Sudan na 1899, shi kuma daga na Indiya na 1860, wanda Macaulay ya tsara yana duba kundin laifuka na Faransa. A wannan tsari ne aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda ɗan Gummi, Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, ya shugabanta daga 1962. Mutumin da ya tashi a gidan alƙalanci, ya yi karatu a Makarantar Shari'a ta Kano, ya zamo yana aiki a tsarin kotuna mai hawa-hawa da dokoki masu lamba.

Da gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, ba ta da zaɓin cewa alƙalai su koma Muhtasar kai tsaye a sha'anin laifuka. Sashe na 36(12) na tsarin mulkin 1999 ya hana hukunta mutum sai da laifin da aka bayyana, aka kuma yanka masa horo, a rubutacciyar doka. Dole aka zuba haddi da ƙisasi a cikin kundi, kuma kundin ya bi zubin na 1960 a wurare da dama. Daular Usmaniyya ta riga ta bi wannan hanya da Majallatul Ahkam, mai sashe 1851, wadda aka kammala a 1876 a kan mazhabar Hanafiyya.

A ƙetaren iyaka lamarin ya fi fitowa fili. Bahaushen Maraɗi yana ƙarƙashin kundin mu'amala da Nijar ta gada daga Faransa, wanda rabe-rabensa na mallaka da yarjejeniya da alhakin ɓarna suka gangaro daga Gayus da Justiniyan, ko da yake ana komawa ga al'ada a sha'anin aure da gado da gonaki. Harkar kasuwanci kuma tana bin dokokin OHADA tun bayan yarjejeniyar 1993. Ɗan kasuwar da ke safara tsakanin Gusau da Maraɗi yana ratsa gado uku na doka ba tare da ya sani ba.

Kammalawa

Fiƙihun da ya iso Zamfara bai ɗauko tushensa daga Rum ba. Babu makarantar da ta sada su, babu littafin da aka fassara, kuma ginshiƙansu sun saɓa. Dokar Rum ta shigo ne a makare, cikin kayan Turawan mulki, ta zauna a zubin kundi da tsarin kotuna da ma'aunin da ake ɗaukaka ƙara da shi.

Wannan yana ɗora nauyi a kan sassan Shari'a da nazarin addini na jami'o'inmu. Ɗalibin da bai san komai game da Digesta ba, ba zai iya mayar da martani ga Goldziher da ilmi ba, sai dai da fushi. Malaman Masar irin su Muhammad Abu Zahra da Abdurrazzaƙ Sanhuri sun yi kwatance tsakanin tsarin biyu ne bayan sun san kowanne daga tushensa. Abu na biyu ya fi gaggawa. Kundi yana kawo sauƙi da daidaito, amma yana datse sharuɗɗa da saɓani da shubuhohin da malamai suka shimfiɗa a sharhi, waɗanda da su ake kau da haddi. Alƙalin da ya tsaya ga lambar sashe, ya bar Dardir da Dasuƙi, zai iya yanke hukunci mai tsanani a inda mazhabarsa ta buɗe mafita, kuma jini da gaɓa da mutuncin Musulmi ne ke kan sikeli. Don haka horar da alƙalai yana buƙatar haɗa abu biyu: ƙwarewa a matanin Malikiyya da sharhinsa, da sanin tarihin mazubin da aka zuba shi a ciki. Allah ne Mafi sani.